Ranakun Allah: Darasi Daga Yaƙe-yaƙen Bani Isra'ila

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ba Ya saɓa alkawari. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da sauran Annabawa da Manzanni baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo ya ginu ne a kan wani umurni da Allah Ya ba Annabi Musa (A.S.), wanda ke cikin aya ta 5 ta Suratu Ibrahim. A can aka umurce shi da ya fitar da mutanensa daga duhu zuwa haske, kuma ya riƙa tuna musu da ranakun Allah. Malaman tafsiri sun yi bayanin cewa ranakun Allah su ne manyan al'amuran da suka auku ga al'umma, waɗanda ikon Allah ya bayyana a cikinsu ƙarara: ranar da Ya kuɓutar da ita, da ranar da Ya ba ta nasara, har ma da ranar da Ya kama ta da laifinta. Larabawa sukan kira yaƙe-yaƙensu na da da sunan ranaku, kamar dai yadda tsofaffinmu ke ƙidayar shekarun haihuwa da sunan wata yunwa ko wani yaƙi. Tunawa da waɗannan ranaku ibada ce da aka yi umurni da ita.

Mu mutanen ƙasar Kurfai muna da bukatar wannan darasi. Wanda ke zaune a Filinge ko Shikal ko Tukunus, da maƙwabtanmu na Abala da Sanam da Bonkuku, ba sai an ba shi labarin abin da jihar Tilaberi ta gani ba. A shekarar 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu da wasu gundumomi na kan iyaka da Mali. A watan Disamba na 2019 aka kashe sojoji 71 a Inatas, wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. Ranar 2 ga Janairu 2021 aka hallaka talakawa kimanin 100 a Comabangu da Zarumdarai, cikin watan Maris na shekarar kuma aka tare masu dawowa daga kasuwar Banibangu aka kashe aƙalla 58. Abin bai tsaya ga bariki da hanya ba, domin ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin watan Ramalana, an kashe masallata 44 a masallacin Fambita, can yankin Kokoru. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. An kore garkuna, an rufe makarantu, manoma da dama sun bar gonakinsu sun koma zaman raɓe a gidajen dangi.

A cikin irin wannan hali zuciyar mumini takan yi tambayar da bakinsa ke jin nauyin furtawa: yaushe ne taimakon Allah zai zo? Kada kowa ya ɗauka imaninsa ya tafi don wannan tambaya ta ɗarsu a ransa. Aya ta 214 ta Suratul Baƙara ta nuna cewa an girgiza al'ummomin da suka gabata har Manzonsu da muminan da ke tare da shi suka yi ta, kuma aka amsa musu da cewa taimakon yana kusa. Sai dai Alƙur'ani bai bar mu da amsa ta baki kawai ba. Ya shimfiɗa mana tarihi, kuma babu al'ummar da ya maimaita tarihinta kamar Bani Isra'ila. An ambaci sunan Annabi Musa a cikinsa fiye da sau 130, babu wani Annabi da aka ambata haka.

Ya kamata mu share wani shubuha tun daga nan. Isra'ila suna ne na Annabi Yakubu (A.S.), ɗan Ishaƙa, jikan Ibrahimu, Bani Isra'ila kuwa su ne zuriyar 'ya'yansa 12. Annabawansu, Musa da Haruna da Dawuda da Sulaimanu da sauransu, Annabawanmu ne, kuma Musuluncin mutum ba ya inganta sai ya yi imani da su. Ƙasar da aka kafa a 1948 da wannan suna wani batu ne na siyasar zamani, ba ita muke karantawa a nan ba. Wanda ya ji sunan ya toshe kunne, ya rufe wa kansa wani babban sashe na Alƙur'ani.

Ranar teku

Nasara ta farko da Bani Isra'ila suka samu babu wanda ya zare takobi a cikinta. Suratush Shu'ara, aya ta 61 zuwa ta 63, ta nuna mana su a bakin teku, rundunar Fir'auna tana bayansu, har jama'ar biyu suna hangen juna. Mutanen Musa suka yanke cewa an riga an cim musu. Shi kuwa ya ƙaryata wannan zato nan take, ya dogara da cewa Ubangijinsa Yana tare da shi, alhali a wannan lokaci bai san ta inda mafita za ta ɓullo ba. Sai bayan wannan magana aka yi masa wahayi ya bugi teku da sandarsa.

Tun kafin wannan rana, suna cikin bauta a Masar, mutanen sun kai ƙara ga Musa cewa an cuce su kafin zuwansa kuma ana cutarsu bayan zuwansa. Amsar da ya ba su, a aya ta 129 ta Suratul A'araf, tana da kashi biyu: fatan Allah Ya hallaka maƙiyinsu Ya ba su ƙasa, da kuma gargaɗin cewa zai yi haka ne domin Ya duba yadda za su aikata. Mutane sukan riƙe kashi na farko su manta da na biyu. Aya ta 137 ta tabbatar da cewa alkawarin ya cika musu saboda haƙurin da suka yi. Amma ku dubi ayar da ke biye da ita. Ƙafafunsu ba su gama bushewa ba suka wuce ta wurin wasu masu bautar gumaka, suka roƙi Musa ya yi musu irin nasu.

Ƙofar da aka ƙi shiga

A Suratul Ma'ida, aya ta 20 zuwa ta 26, Annabi Musa ya kawo su kusa da ƙasa mai tsarki. Abin lura shi ne bai fara da umurnin yaƙi ba, sai da ya tuna musu da ni'imar Allah, cewa an sanya Annabawa a cikinsu, an 'yanta su sun mallaki kansu, an ba su abin da ba a ba kowa ba a zamaninsu. Sa'an nan ya ce su shiga. Suka ce akwai ƙarfafan mutane a ciki, ba za su shiga ba sai waɗancan sun fita da kansu. Mutum biyu kaɗai suka tsaya, waɗanda masu tafsiri suka ce Yusha'u ɗan Nunu ne da Kalibu ɗan Yufanna, suka ba da shawarar a afka ta ƙofa a dogara ga Allah. Jama'a suka ƙi, har suka gaya wa Annabinsu maganar da ba ta da ladabi, cewa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Aka haramta musu ƙasar shekara 40, suna ɗimuwa a cikin jeji.

Waɗannan fa su ne mutanen da suka ga teku ta dare da idanunsu. Ashe ganin mu'ujiza ba ya amfanin zuciyar da ba ta riƙe abin da ta gani. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya tattauna wannan ƙissa a cikin Muƙaddimarsa, inda ya nuna cewa doguwar bauta ta riga ta karya zukatan waɗannan mutane, don haka hikimar shekaru 40 ita ce tsaran da suka tashi cikin ƙasƙanci su shuɗe, wasu su taso a jeji waɗanda ba su san bulalar Fir'auna ba. A ganina wannan fassara ce mai ban tsoro ga iyaye a ƙasarmu. Yaron da aka haifa a 2017 ya buɗe ido yana jin ana rage murya idan an ambaci wasu mutane, yana ganin an biya abin da ba a bin mahaifinsa don a bar shi da ransa. Abin da muke gaya wa wannan yaro a gida shi zai nuna ko tsoron zai tsaya a kanmu ko zai zama gado.

Sahabbai sun karanta wannan ƙissa kuma sun yi aiki da ita. Bukhari ya ruwaito cewa a ranar Badar, Miƙdadu ɗan Aswad (R.A.) ya tabbatar wa Manzon Allah cewa su ba za su faɗi abin da mutanen Musa suka faɗa ba, za su yi yaƙi a damansa da hagunsa, da gabansa da bayansa, har aka ga fuskar Annabi ta yi haske don murna.

Bayan rasuwar Musa da Haruna, Yusha'u ne ya shiga da sababbin tsaran. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) labarin wani Annabi da ya fita yaƙi ya hana mutum uku bin sa: wanda ya ɗaura aure bai tare ba, da wanda ya yi gini bai rufe ba, da wanda ya sayi dabbobi masu ciki yana jiran haihuwarsu. Ba ya son zuciyar da rabinta ke gida. Da ya kusanci garin wajen la'asar, ya roƙi Allah aka tsayar masa da rana har ya ci nasara. Ruwayar Imam Ahmad ta bayyana cewa Yusha'u ne aka tsayar wa rana, a tafiyarsa zuwa Baitul Muƙaddas. A shari'arsu ba a cin ganima, wuta ce ke saukowa ta cinye ta alamar karɓa. A wannan rana wutar ta ƙi ci. Annabin ya gane akwai wanda ya yi ha'inci, aka bi kabila kabila da mubaya'a har aka gano masu laifin, suka fito da zinariya mai girman kan saniya. Sai da aka mayar da ita wutar ta ci.

Ku dubi wannan al'amari da kyau. Allah Ya tsayar da rana saboda wannan runduna, amma bai kau da kai ga satar mutum biyu ko uku daga cikinta ba. Yaya ke nan matsayin wanda dukan fitarsa ta kora shanun talakawa ce?

Har yanayin shiga gari sai da aka koya musu. Suratul Baƙara, aya ta 58 da ta 59, ta ce an umurce su su shiga ƙofa suna masu ƙanƙan da kai, suna neman a kankare musu zunubai. Azzalumai daga cikinsu suka musanya kalmar da wata ta izgili, azaba ta sauka a kansu. Malaman sira sun ambata cewa ranar da aka buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya shiga a kan taguwarsa ya sunkuyar da kai ƙwarai don tawali'u ga Wanda Ya ba shi nasara.

Ɗaluta da ƙoramar jarrabawa

Ƙissar da ta fi dacewa mu daɗe a kanta ita ce ta Suratul Baƙara, aya ta 246 zuwa ta 251. Zamani ya yi nisa bayan Musa, Bani Isra'ila sun yi sakaci da alkawarinsu, maƙiya sun rinjaye su. Manyansu suka je wurin Annabinsu, wanda Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba amma masu tafsiri da yawa suka ce Shamwilu ne, suka roƙe shi ya naɗa musu sarki su yi yaƙi. Annabin ya san halinsu, ya tambaye su ko ba za su noƙe ba idan aka wajabta musu. Suka ce ta yaya za su noƙe alhali an fitar da su daga gidajensu, an raba su da 'ya'yansu. Da aka wajabta, mafi yawansu suka juya baya. Wannan ita ce tankaɗe ta farko.

Sai aka sanar da su cewa Allah Ya zaɓi Ɗaluta. Nan ma suka ta da jayayya: su ne suka fi cancanta da sarauta, shi kuwa ba shi da dukiya. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Mu ma idan aka kawo wani a gaba, abin da muke fara tambaya shi ne ɗan wane gida ne, kuma me ya tara. Amsar Annabinsu ita ce Allah Ya fifita shi da abu biyu, ilimi da ƙarfin jiki, kuma ilimi aka fara ambata. Alamar sarautarsa ita ce dawowar akwatin nan, Tabutu, wanda ke ɗauke da natsuwa daga Allah da ragowar abin da gidan Musa da gidan Haruna suka bari, mala'iku na ɗauke da shi. Watau kafin a tura su fagen fama sai da aka mayar musu da abin tunawa.

Sa'an nan aka zo ƙorama, wadda aka ruwaito daga Ibnu Abbas cewa tana tsakanin Urdun da Falasɗinu. Ɗaluta ya sanar da rundunarsa cewa Allah zai jarrabe su da ita: wanda ya sha ba ya tare da shi, wanda ya kame yana tare da shi, an dai yi rangwame ga wanda ya kamfata sau ɗaya da tafin hannunsa. Mutumin birni mai famfo a tsakar gida zai karanta wannan ya wuce. Amma wanda ya taɓa kora dabbobi da rani daga tudu zuwa rijiyoyin Dallol Boso, rana tsaka, maƙogwaro ya bushe, ya san nauyin a ce masa ga ruwa amma kada ya sha. Ruwan kuwa halal ne, babu najasa a cikinsa. Abin da ake nema shi ne a san wanda ke iya mallakar kansa a gaban abin da ransa ke so, domin wanda ya kasa haƙuri da ƙishirwar yini ɗaya ba zai yi haƙuri a gaban masu ba. Suka sha, sai kaɗan daga cikinsu.

Nawa ne suka haye? Bukhari ya ruwaito daga Bara'u ɗan Azib (R.A.) cewa sahabbai suna faɗa a tsakaninsu cewa adadin mutanen Badar daidai yake da na waɗanda suka haye tare da Ɗaluta, mutum 310 da 'yan kai, kuma babu wanda ya haye sai mumini. Ko a cikin wannan hali, da aka hango Jaluta da rundunarsa, an sami masu cewa yau ba su da ƙarfin karawa. Waɗanda suka amsa musu su ne masu yaƙinin haɗuwa da Allah, kuma hujjarsu tarihi ce: suka tuna musu cewa sau da yawa ƙaramar ƙungiya ta rinjayi babba da izinin Allah. Ba su kawo wata sabuwar mu'ujiza ba, ranakun Allah suka karanta musu.

Addu'ar da suka yi a fili, a aya ta 250, tana da tsari wanda bai kamata ya wuce mu ba. Haƙuri suka fara roƙo, kuma da lafazin a kwararo musu shi kamar yadda ake kwarara ruwa, su da suka hana kansu ruwa. Sa'an nan tabbatar dugadugai. Nasara ita ce ta ƙarshe. Mu kuwa a ƙunutinmu mukan fara daga ƙarshe. Aka karya rundunar Jaluta da izinin Allah, Dawuda ya kashe shi, kuma malamai sun ambata cewa a lokacin yaro ne makiyayi, da majajjawa ya jefe shi. Daga baya Allah Ya haɗa masa mulki da hikima.

Ƙissar ta rufe da wata ƙa'ida a aya ta 251: da Allah bai tunkuɗe wasu mutane da wasu ba, da ƙasa ta lalace. Saboda haka wanda ya tsaya bisa gaskiya yana tsaron gari da kasuwa da masallaci, ba ya cin zalin kowa, yana cikin falalar da Allah Ya yi wa talikai, kuma yana da hakkin addu'armu, iyalinsa kuma suna da hakkin kulawarmu idan ya faɗi.

Wa ke da ikon jingina kansa ga waɗannan ƙissoshi?

Wajibi ne a yi wannan tambaya, domin masu ɗauke da bindiga a dajinmu su ma suna karanta wa samari waɗannan ayoyi. Sukan ce su ne 'yan kaɗan ɗin da za su rinjayi masu yawa. To, a koma ga nassi. Mutanen Ɗaluta sun bayyana dalilin yaƙinsu da bakinsu: an kore su daga gidajensu, an raba su da 'ya'yansu. A yau wa ake kora daga gidansa, kuma wa ke korar? Wanda ya tashi ƙauye, ya ƙona rumbu, ya harbe mai dawowa daga kasuwa, ya zagaye masallaci ranar Juma'a, ya duba da kyau ya ga a wane ɓangaren ƙissar yake tsaye. Ƙaranci kaɗai ba hujja ba ne, 'yan fashi ma ba su da yawa. Kuma Bani Isra'ila ba su fita kowa da shugabansa ba, sai da suka nemi Annabi ya naɗa musu jagora guda.

A kan Bani Isra'ila ɗin nan ne dai Allah Ya rubuta hukuncin da ke aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, wanda ya daidaita kashe rai ɗaya ba da hakki ba da kashe mutane duka. Ayar ta zo jim kaɗan bayan labarin ƙofar da aka ƙi shiga da labarin 'ya'yan Adamu biyu. Imam Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar (R.A.) ga kwamandansa Yazidu ɗan Abu Sufyan, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, da sare itace mai 'ya'ya, da rushe gine-gine, da yanka tunkiya ko raƙumi sai don ci. Wannan a yaƙi da Rumawa ke nan, balle a tsakanin masu alƙibla ɗaya. Zakkar da ake karɓa da bakin bindiga, ba nisabi, ba hawli, ba a kai ta ga waɗanda Allah Ya ambata, ƙwace ne ko da an sa mata suna mai kyau.

Akwai kuma gargaɗi ga ɓangarenmu, mu da aka zalunta. Zafin rashi yakan sa mutum ya ɗora laifin mutum goma a kan kabila guda, ya ga kowane makiyayi ko kowane mai rawani maƙiyi ne. Wannan ita ce ƙoramarmu. Ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba ruwa ne mai daɗi a maƙogwaron mai fushi, kuma wanda ya sha ya fita daga rundunar Ɗaluta. Ƙasar Kurfai ta san yaƙi tun kafin yau. Sunan Mayaƙi da gidan sarautarta ke ɗauke da shi shaida ne, kuma a 1916, lokacin da Firhun ya tayar wa Faransawa, an gwabza a Filinge kanta. Duk da haka jikokin waɗanda suka kara da juna a wancan zamani, Kurfayawa da Buzaye da Zabarmawa da Fulani, sun zo sun haɗa sahu a masallaci ɗaya, suna ciniki a kasuwa ɗaya. Wannan ma yana cikin ranakun Allah da ya kamata a tuna, kuma rushe shi yana cikin abin da masu fitina ke nema.

Alkawari mai sharaɗi

Allah Ya gaya wa Bani Isra'ila a aya ta 40 ta Suratul Baƙara cewa su cika alkawarinSa, Shi kuma Ya cika nasu. Tun kafin su, da Annabi Ibrahimu ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, an sanar da shi a aya ta 124 cewa alkawarin ba ya haɗawa da azzalumai. Farkon Suratul Isra'i, aya ta 4 zuwa ta 8, ya ba da labarin ɓarna biyu da suka yi da yadda aka sallaɗo musu maƙiya, tare da gargaɗin cewa idan suka koma za a koma. Tarihi ya nuna cewa Bukhtanasar, sarkin Babila, ya rushe Baitul Muƙaddas wajen shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Rumawa kuma suka sake rushe shi a shekara ta 70 bayanta. Garin da aka tsayar da rana don a shige shi, shi ne aka fitar da su daga cikinsa.

Kada wani ya ce ai wannan halin Bani Isra'ila ne. Shekara guda bayan Badar aka yi Uhudu, Manzon Allah yana cikin rundunar. Maharba 50 aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu (R.A.), mafi yawansu suka sauko don ganima, aka yi shahidai 70. Aya ta 152 ta Suratu Ali Imrana ta bayyana cewa Allah Ya riga Ya cika musu alkawarinSa a farkon yini, sai da suka raunana, suka yi jayayya, suka saɓa umurni. A ƙasar Hausa ma haka ta faru. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin Nijar ta yau, sun yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804 suna 'yan kaɗan, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, sa'an nan a Alwasa a 1805. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, bai ɓoye ba a cikin Tazyinul Waraƙati cewa son duniya da ganima ya shiga cikin jama'ar, har ya taɓa barin rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano.

A nan sai a yi hattara da harshe. Bai halatta wani ya tashi ya ce mutanen gari kaza an kashe su ne saboda zunubansu ba. Hamza da Mus'abu ɗan Umairu (R.A.) suna cikin waɗanda suka faɗi a Uhudu, kuma ba su ne suka bar tudu ba. An kashe Annabi Yahaya (A.S.) yana mafi tsarkin mutanen zamaninsa. Binciken laifi aiki ne da rayayye ke yi wa kansa: ya duba mudun da yake awo da shi, da iyakar gonar da ya ci, da burtalin da ya toshe, da dabbar da ya saya da araha alhali ya san ta sata ce, da man fetur da abincin da yake sayarwa ya san inda za su. Ita ce zinariyar da ta hana wuta ci.

Ya 'yan'uwa, shari'a ta ba mu rana guda a shekara domin wannan tunawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa da Manzon Allah ya zo Madina ya tarar Yahudawa suna azumin Ashura, ya tambaya aka ce rana ce da Allah Ya tserar da Musa da mutanensa, Ya nutsar da Fir'auna, Musa ya azumce ta don godiya. Sai ya nuna cewa Musulmi sun fi kusa da Musa, ya azumce ta, ya yi umurni da azumtarta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya yi niyyar haɗawa da ranar 9 ga Muharram. Yaranmu da yawa sun san daren cika-ciki, amma ba su san dalilin azumin ba.

Muna kira ga limamai da malaman makarantun allo da na Islamiyya su ware wannan lokaci su karanta wa jama'a ayoyin da muka ambata tare da fassararsu, musamman na Ɗaluta, waɗanda ba su wuce aya shida ba. Dattawa kuma su haɗa da namu ranakun. Akwai yunwar 1931 da fara ta haddasa a yammacin Nijar, wadda suka ji daga bakin iyayensu, akwai farin 1973 da 1974 da ya share garkuna, da na 1984, da ƙarancin abinci na 2005. Masu shekaru a cikinmu sun ga rumbu wayam, sun ga wanda ya raba tiyarsa ta ƙarshe da maƙwabci, kuma sun ga damina ta dawo. Su faɗa wa jikokinsu da sunan gari da sunan rijiya, da wanda ya taimaki wani ba tare da duba yarensa ba, tun suna da rai.